Zabuwar Kawu Ado

Duk wanda ya san Kawu Ado, ƙanin mahaifiyata, ya san shi da gashin kaza a bayan kunne. Kullum da safe, kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, sai ya zagaya ƙaramar bas ɗinsa da gwangwanin fenti, duk inda tsatsa ta ɓullo ya tsoma gashin ya ɗiga mata. Ba ya sayen fenti. Ragowar na magina yake karɓa, yau kore, gobe fari. Haka motar ta yi dabbare-dabbare, har 'yan tashar Wudil suka sa mata suna Zabuwa.

"Tsatsa 'yar'uwar gulma ce," in ji shi. "Tun tana ƙarama ake rufe mata baki."

Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne, shi da kansa yake ciyar da tsatsar. Duk yamma sai ya gangara bakin kogi, ya shigar da motar har ruwa ya taɓa cikinta, ya wanke ta tas. Malam Iro bakanike ya yi faɗa har ya gaji.

"Ado, ƙarfe ba saniya ba ne da za ka kai shi mashaya kullum."

"Tsafta cikon addini ce."

"To motar taka salla take yi?"

"Ta dai fi ka zuwa masallaci da wuri."

Kuma bai iya ce wa mutum a'a ba. Manoman Lajawa su loda takin zamani, masu shanu su loda gishiri da kanwa ranar kasuwa, buhuna su yi ta yoyo a kan jiƙaƙƙen ƙarfe. Da kuɗi suka yawaita a gari, abokansa duk suka sake mota. Aka ce shi ma ya sayar da tasa. Ya ce, "Ni ma haƙorana biyu sun zube, wa ya sayar da ni?"

Shi yake kawo ni makaranta daga Kausani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ba ni da surutu, a kujerar baya nake zama ina kallon ƙasa. Shi ya sa ni kaɗai na ga ramin da tsatsa ta huda, a gefen tabarmar da ya shimfiɗa a ƙasan motar. Da farko bai fi kwabo ba, ina hango kwalta tana gudu ta ciki. Kafin damina ta wuce ya kai faɗin faifai. Kullum sai in ja tabarma in rufe. Kawu ba shi da gona, ba shi da ɗa. Motar nan kawai gare shi, na kuma san abin da faɗa masa zai jawo.

Wata safiya wata mata ta tsayar da 'yarta mai koyon tafiya a kan tabarmar. Ƙafar yarinyar ta nutse har idon sawu. Na fizgo ta na ɗora a cinyata. Uwar tana hira, ba ta ma lura ba.

Da muka isa ƙofar makaranta na ƙi sauka.

"Uwata, an kaɗa ƙararrawa fa."

"Kawu, zo ka gani."

Ya ɗaga tabarmar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a bakin ramin, ƙarfen ya ruguje kamar ƙanzo.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan farko."

"Shekara tara ina duba jikinta," ya ce a hankali, "ban taɓa ɗaga tabarma ba."

Mai walda ya ce babu sauran inda wuta za ta kama, sai dai a shimfiɗa katako a ci gaba da aiki. Kawu ya ce ba zai ɗora 'ya'yan mutane a kan katako ba. Ranar ya ajiye motar a gindin durumin ƙofar gida, bai sake tayar da ita ba.

Na yi kuka, na ce ni na kashe ta. Ya ce, "Abin da mutum ba ya son ji, ai uwarsa ce ke faɗa masa. Share hawayenki."

Sauran zangon karatun nan a kan keken aro ya yi ta kawo ni, yana haki, yana mitar cewa keke ba abin hawan mai mutunci ba ne. Bai makarar da ni ko sau ɗaya ba.

Bara da kaka ya rasu. Allah ya jiƙan Kawu Ado, ya yafe masa, ya tsare shi a kabarinsa kamar yadda ya tsare 'ya'yan mutane.