Gonar Bika a Gindin Dutsin Maje

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke kai matafiyi, Shi ke maido shi.

Sabuwa zuwa Funtuwa

Na fito gida tun kafin kiran assalatu, da 'yar jakata da sandar mahaifina. A masallacin tasha na yi asuba, amma direba bai tayar da mota ba sai da gari ya yi haske sarai, don yanzu ba mai hawa hanyarmu da duhu. Ga abin da ya fitar da ni. Lawal, ɗan yayana marigayi, ya kira ni a waya ya ce masu fasa dutse suna son sayen wata gonarmu da ke gindin Dutsin Maje, ƙauyenmu na can bayan Ƙetare, su kafa injinsu. Gadon mu biyu ce da ubansa, ba ta sayuwa sai da yardata.

Gonar nan ba a taɓa kai amfaninta rumbu ba. Gonar bika muke ce mata, wato gwaggon biri. Kakanninmu a kan dutsen suka zauna zamanin hare-hare, kuma duk sa'ad da mahara suka doso, biran nan ne ke fara hango su, su yi ta haushi har mutane su tare ƙofar ganuwa. Da aka sami lafiya aka sauko ƙasa, sai aka yanke masu wannan fili. Kowace damina gidanmu ke shuka dawa a ciki, a nome, a bar masu. Mahaifinmu limami ne, ya kan ce ba tsafi ba ne, sadaka ce da riƙon alkawari.

Lawal ya ce, "Baba, shekara nawa ba a shuka ta ba saboda tsoron 'yan bindigar daji? Kuma bika sun ƙare. Tambayi kowa."

Na ce masa zan zo in hau dutsen. In na ga bika ko guda da idona, gona tana nan. In ban gani ba, ya kira mutanensa.

Muka wuce Ɗandume, dawa ta sunkuya dama da hagu, muka shiga Funtuwa da hantsi. Nan na karya da koko da ƙosai.

Funtuwa zuwa Ƙanƙara

A dā ta Sheme nake bi, cikin ƙasar Faskari, in riƙa kallon duwatsu suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi direba ko ta can za mu. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Baba, kai ka gama aurar da naka. Ni nawa ko yaye ba a yi ba. Ta Bakori za mu."

Aka yi dariya, amma ba mai tsawo ba. Mu huɗu aka cusa a baya, da buhun taki ƙarƙashin ƙafafuna. Daga Maraba muka karkata, shinge bayan shinge, na sojoji da na 'yan sa-kai. Wajen 'Yargoje wani soja ya leƙo ya ga sandata, ya tambaye ni ko makami ce. Na ce ta fi shi shekaru, kuma ba ta taɓa dukan kowa ba sai jaki. Ya ɗaga mana hannu.

Mun isa Ƙanƙara ana kiran azahar. Na yi salla, na sha fura mai sanyi a bakin tasha, na hau babur. Idon mai babur ɗin na kan daji har muka wuce Ƙetare. Da muka fito daga wani kwari sai ga Dutsin Maje ya tsaya a gabana, baƙi, da gamjin nan a kafaɗarsa kamar yadda na bar shi. Na ce wa mai babur ya tsaya, wai zan gyara zama.

Dutsin Maje

Yaya Abu ce ta tarbe ni, uwar Lawal, matar yayana, abokiyar wasana tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Ta sa hannu a goshi ta ce, "Wane tsoho ne wanga? Ni dai saurayi na sani."

Na ce, "Amarya, ke ma haƙoran nan ina kika kai su ajiya?"

Ta yi mini tuwon dawa da ɗanyar kuɓewa. Na kwana a ɗakin yayana, gwadonsa na rataye a inda ya saba rataye shi.

Washegari da safe muka hau, ni da Lawal da 'yan sa-kai biyu da bindigoginsu, don ba a hawa haka nan yanzu. Na saɓa sandata a kafaɗa yadda na saba. Hawan da nake yi da gudu ina yaro, sai da na huta sau da dama. Ganuwar duwatsu tana nan, ta zube a wasu wurare, ƙofarta ba ta wuce faɗin jaki da kaya ba. Na nuna wa Lawal ramukan da mata suka yi ta niƙa a jikin fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, har suka yi sulɓi, da karofin marina da ƙasa ta cike, da tarin kashin tama inda maƙera suka yi aiki. Ga kewayen tsohon masallaci, an jera duwatsu an fitar da alƙibla. Nan mahaifinmu ke kawo mu bayan girbi da allunanmu, a nan na fara haɗa baƙi na rubuta sunana da ajami, birai na zaune a kan ganuwa suna kallonmu kamar su ma darasi suke jira. Na yi wa mutanen kufai addu'a.

Agwada na gani, wato rema, suna shan hantsi a bakin kogo, suka shige da jin motsinmu. Hasbiyoyi suka tashi daga gamji. Ramin dutsen nan mai riƙe ruwa har bazara yana nan cike, da sawun zabin daji a gefensa. Ƙarƙashin wata kanya na tsinci 'ya'yanta an gatsa an yar, na ce wannan aikin bika ne.

Lawal ya ce, "Da idonka ka ce, Baba."

Haka na ce. Muka zauna har rana ta take, ba haushi, ba ko inuwar wutsiya. Na leƙa ƙasa na ga gonar, ta zama sabara da tafasa. Da muka sauko na ce wa Lawal ya kira mutanensa su zo gobe bayan azahar. Magana zarar bunu ce.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gida, Yaya Abu na ɓarar gyaɗa. Ta ga ban taɓa furar da ta ajiye mini ba, ta tambayi mi ya faru. Na gaya mata sharaɗin da na yi da ɗanta, da yadda muka hau. Ta ajiye faifai.

"Ku nawa kuka hau?"

"Mu huɗu."

"Da mi a kafaɗa?"

Na ce, "Bindigogi biyu da sanda."

Ta ce, "Tun da masu bindiga suka riƙa kwana a dutsin nan suna harbinsu, bika bai tsayawa ya ga namiji. Hula kawai zai hango ya shige. Mu da ke zuwa itace, har gefenmu suke zama. Ni ke kai masu tsaba in na samu."

"Ba ki gaya wa Lawal ba?"

"Na gaya mashi, ya ce kututture na gani. Ku kuma kun zauna a zaure kun tambayi kowa. Kowan naku duk da gemu."

Na ce to ni ma ai da gemun. Ta ce in bar mata wannan. Na ce ita dai ta sani, ban ɗaura zane da tsufana. Ta ce, "Wa zai ba ka zanensa, ka tsufar mashi da shi?"

Washegari da hantsi muka fita tare da mata masu zuwa itace. Yaya Abu ta karɓe hulata ta jefa cikin ƙwarya, sandar kuwa ta sa aka cusa cikin damin kara. Na lulluɓa da gwadon yayana tun daga ka, na shiga tsakiyarsu ina tafe a sunkuye, suna ta ƙunshe dariya. A bakin gonar ta zaunar da ni bayan damin, ta watsa tsabar dawa a kan wani fa, suka shiga sare-sarensu suna hira kamar ba ni.

Na daɗe ina tasbihi a zuci. Can sai wani dutse da nake kallo ya motsa. Bika ne babba, kafaɗunsa sun yi furfura, yana ɗingisa ƙafar baya. Ya zauna ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauko. Wasu suka biyo shi, ba su da yawa, cikinsu da wata mai ɗa a maƙale a ciki. Sa'ad da nake yaro sukan rufe fan nan baki ɗaya. Ya riƙa tsintar tsaba da yatsu yana kaiwa baki, a natse, har ina jin tauna. Gwadon na warin hayaƙi da ɗan turaren yayana. Na goge idona da gefensa.

Ashe Lawal ya biyo mu daga nesa. Da ya fito daga bayan sabara da hularsa, sai babban ya miƙe ya yi haushi sau biyu, irin wanda kakanninmu ke ji su tare ƙofa. Kafin in juyo fan ya zama wayam.

Lawal ya ƙaraso ya tsuguna. Sannan ya ce, "Na gani, Baba. To ni fa? Ɗakin Inna na zuba, taki ya gagare ni."

Gaskiya ya faɗa. Na ce ya riƙe rabona na fadamarmu ta gado ya noma, ba na son ko zangarniya, amma in ruwa ya sauka ya fara shuka wannan kafin tasa. Bai yi murna ba, ya dai ce to. Ya ƙara da cewa masu injin za su nemi wani fili ta bayan dutsen. Na ce wannan ba a hannuna yake ba. Na zaro sandar mahaifina daga cikin kara, na kafa ta a iyakar gonar, Lawal ya ɗauko dutse ya doka ta har ta zauna.

Komawa

Kwana ɗaya na ƙara. Yaya Abu ta ɗaure mini gyaɗa da kuka, ta ce in na dawo kaka mai zuwa ta tanadar mini ɗankwali. Na bi hanyar da na zo, Ƙanƙara, Bakori, Funtuwa, na shiga Sabuwa kafin magariba ina dafa bango. Mai ɗakina ta karɓi jaka, ta dubi hannuna ta ce, "Malam, ina sandar?"

Na ce na bar ta tana gadi.

Na gode wa direbobin da suka kai ni, da matan da suka rufa mini asiri a tsakiyarsu. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mini da idona. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, har ranar da namiji zai je gindin dutsen nan da hularsa a ka, bika ya dube shi ya ci gaba da cin dawarsa.