Furar da Muka Hana Mussar Baba

Kiyashi ne suka fara gaya mana. Wata safiya ina shara a gindin rumbu, sai na ga sun yi cincirindo daidai inda mussar gidanmu take fitsari. Na tsaya da tsintsiya a hannu, don na san wannan alamar. Irinta muka gani a bayan gida shekarun baya, kafin likita ya ce ciwon sukari ne ke damun mahaifinmu.

A lokacin watan Baba biyar da rasuwa, kuma mussar tasa ce. Mu nan Malbaza haka muke kiran kyanwa. Ya tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin wata motar siminti, ya kawo ta gida cikin hularsa. Bai taɓa sa mata suna ba. Ta tsufa a gefen buzunsa, in yana lazimi tana kwance, in ya tashi ta tashi. Da ya rasu sai ta koma bin Inna, mahaifiyarmu, Inna kuma ta riƙe ta hannu bibbiyu. Ita ce kaɗai abin Baba da ya rage yana numfashi a tsakar gidan.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce "ke wagga". Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, kuma ba zan ɓoye ba, ina da zafi. Tun rashin lafiyar Baba ƙannena suka laƙaba mini jandarma, wato 'yar sanda, don ni na riƙe dokar abincinsa, ni nake masa allura, ni nake leƙa kwano in ga abin da aka zuba. Sunan bai dame ni ba. Har daɗi nake ji.

Mussar ta rame, ga shan ruwa kamar raƙumi. Na sa ta a kwando, na ɗauki 'yar na'urar awon sukari ta Baba, na shiga mota zuwa Konni wurin likitan bisashe. Dattijo ne mai manyan hannuwa. Da ya leƙa kwandon sai ya fashe da dariya.

"Malama, ni shanu da raƙuma nika dubawa. Yau kuma mussa anka kawo min?"

Na miƙa masa na'urar. Ya huda gefen kunnenta, ya ɗiga jinin, ya duba. Dariyar ta tsaya.

Ya shimfiɗa mini doka. Dafaffen nama ko kifi ba gishiri, safe da yamma. Allura 'yar kaɗan, bayan ta ci. Ba tuwo, ba ƙanzo, ba fura. In ta yi amai ko ta ƙi ci, kada in kuskura in yi mata allurar sai na kira shi, don sukarin yana iya faɗuwa ƙasa ta tafi gaba ɗaya. Sannan a tsare ta wuri guda, kada ta riƙa bin gidaje tana lashe kwanuka. Na sayo ruwan allurar, na binne kwalbar, don kada zafi ya lalata ruwan, a jiƙaƙƙen yashi cikin tsohuwar tukunyar da muke ajiye ta Baba. Mussar kuma na kai ta ɗakin Baba na ja ƙofa, na sa kwaɗo, na ɗaure mabuɗin a bakin zanena.

Inna tana zaune a tabarma tana kallona har na gama.

"Ke wagga, ba ki ji abin da malamai ka hwaɗi ba? Matar da tad ɗaure mussa, ba ta ba ta ba, ba ta bar ta ta nema ba, ina tat tahi?"

Na ce ai ni ina ba ta, sau biyu kullum.

"Sau biyu ci na?"

Na ce likita ya fi mu sani. Ta kawar da kai.

Mako biyu abin ya yi kyau. Shan ruwan ya ragu, gashinta ya fara kwanciya, ni kuwa ina ta hura hanci. Sai aman ya fara.

Wanda bai taɓa jin kyanwa tana kakarin amai a rufaffen ɗaki ba, ba zai gane yadda yake tsinka zuciya ba. Takan duƙa, ta miƙe wuya, cikinta ya riƙa bugawa, sannan abin ya fito, wani lokaci naman da ta ci, wani lokaci kumfa rawaya. In ta gama ta koma lungu ta zuba mini ido. Na kira likitan, ya gaya mini yadda zan yi. In ta yi amai in ɗauke kwanon, in bar cikin ya huta 'yan awoyi. Ruwa kuma da cokali, kaɗan kaɗan, kada ta kwankwaɗa ya dawo. In ya zauna, sai in yayyaga tsokar kaza kamar kan ɗan yatsa in gwada ta. Allura kuwa sai ta ci abin kirki ya tsaya. Ya koya mini in tsunkulo fatar wuyanta in saki, in ta koma da sauri to da sauran ruwa a jikinta. Na ware littafi guda cikin na 'yan lakwal ina rubuta lokacin da ta ci da lokacin da ta mayar. Har aman nake tonawa da tsinke kafin in rufe shi da toka in kwashe. Da ɗalibaina sun gan ni da sun sami abin faɗi na shekara.

A kwana na huɗu tsinken ya tono mini tsakin gero, ga kuma tsamin nono.

Washegari na baro lakwal da hantsi, lokacin da ba a sa rai da ni. Na shigo a hankali. Ga Inna durƙushe a ƙofar ɗakin Baba. Ƙasan ƙofar ya cinye, akwai 'yar kafa, ta nan take tura sakaina da fura a ciki, tana magana ƙasa ƙasa kamar mai rarrashin jinjiri.

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce mata kwana huɗu ina kwasar amai ashe ita ke kwance mini aiki. Na ce so take ta kashe ta. Har yau in na tuna da wannan kalmar sai in ji kunya ta rufe ni.

Ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ƙofar take kallo.

"Ran Talata kahin ubanku shi rasu, ya roƙe ni hura. Ludayi guda, yac ce. Kin tahi lakwal. Hurar na nan cikin ƙwarya, na dama ma ƙannenki. Nic ce mai kin hana. Yad dube ni, yac ce to, Allah shi ba mu haƙuri. Bai sake roƙona komi ba har ranar Juma'a."

Ta goge yatsanta a zane.

"Tun ina amarya nika dama mai hura. Ban taɓa hana shi ba sai rannan. Yanzu wagga na kuka bayan ƙohwa, kina so in sake?"

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ni abin da nake gaya wa mutane a zaman makoki shi ne, Baba ya bi doka har ƙarshe, bai taɓa neman abin da aka hana shi ba. Da alfahari nake faɗa, Inna tana gefe cikin takaba tana jina.  Amma taurin kai ba ya sakin mutum rana ɗaya. Na sunkuya na janye sakainar, na ce don lafiyarta ne. Inna ba ta sake zuwa ƙofar ba.

Aman kuwa bai tsaya ba. Ba fura, ba nono, amma ya ƙaru. Ruwan cokali ma ya daina zama. Ran da na tsunkulo fatar wuyanta ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa, na sake ɗaukar kwando zuwa Konni. Likitan ya sa mata ruwa ta ƙarƙashin fata, ya yi mata allurar tsayar da amai, ya daɗe yana lallatsa cikinta. Ya ce a ganinsa ƙodarta ce ta gaji, ga tsufa, kuma abin ya wuce inda hannunsa ke kaiwa. Na gaya masa zancen furar, ina jiran ya ɗora laifin a can.

"Hurar ba ta yi mata kirki ba, gaskiya. Amma ba ita ta kawo wanga ba. Ko ba hura nan za a zo."

Na tambaye shi dokar fa.

"Kwana nawa ya rage, Malama? Ki bar allurar. Abin da duk taka so, ki ba ta."

A mota na riƙe kwandon a cinya har Malbaza, ban san lokacin da muka wuce garuruwan hanya ba. Da na sauka na biya wurin wata Bafulatana da ke zama bakin kasuwa, na sayi nono mai kyau da curin fura biyu. Na shiga gida, na cire kwaɗon, na tokare ƙofar ɗakin Baba da dutse. Mussar ta fito daga kwando tana tangaɗi, ta ratsa tsakar gida, ta kwanta a inuwar rumbu.

Na ɗauko ƙwarya da ludayi na ajiye a gaban Inna, na ajiye nonon da furar.  Ta dube su, ta dube ni, ta jawo ƙwaryar. Ta daɗe tana damawa, fiye da yadda ake bukata, har ba sauran gudaji. Sannan ta tashi ta je gindin rumbun ta zauna a ƙasa. Mussar ba ta iya ɗaga kai zuwa bakin ƙwarya, sai Inna ta tsoma yatsa ta kai mata. Ta shinshina, ta lasa sau biyu, ta mayar da kai ƙasa. Wannan dai ba ta amayar da shi ba.

Kashegari bayan la'asar ta mutu, kanta a kan ƙafar Inna. Na haƙa rami a bayan gidanmu na rufe ta.

Da na dawo na tarar Inna tana wanke ƙwaryar a bakin randa. Na durƙusa a gefenta, hawaye na zuba, na ce, "Inna, ki yahe mani."

Ta ɗauraye ƙwaryar ta kife a kan danga.

"Ke wagga," ta ce, "ai ba ni anka hana ba."