Kawu Isiyaku da Allon Turanci

Duk wanda ya saba bi ta lungunmu a Kabara da hantsi ya san abin da zai tarar: Kawu Isiyaku mai wankin hula zaune a dakali, allo a cinya, yana rubuta kalmar Turanci da ajami. Guda ɗaya tak a rana. Ya rubuta ta sau bakwai, ya karanta, ya wanke a ƙoƙo, ya shanye. Wallahi da idona na gani!

Malam Habu maƙwabcinsa ya taɓa tare shi. "Haba Isiyaku! Da furfurarka, Turanci kake sha?"

"Na ce maka addu'a ce? Allonsa daban, ƙoƙonsa daban. Kaina ne ya tsufa ba ya riƙewa, shi ne nake gwada ciki."

Ku dariya kuke yi, mu na gida mun san mafarin abin. Lokacin da matarsa Inna Asabe take kwance a asibiti, likitoci biyu suka tsaya a kanta suna Turanci, shi yana gefe yana gyaɗa kai. Da suka wuce ya tambayi wata ma'aikaciya me suka ce, ta ce, "Ba komai Baba, a ci gaba da addu'a." Sai ya tafi Shahuci sayo mata furar da take so. Ya dawo ya tarar an ja mata zani har ka. Ashe a gabansa aka ce ba za ta kai la'asar ba. Shekara arba'in suna tare, bai samu ya laƙƙana mata kalmar shahada ba. Tun daga ranar bai ƙara shan fura ba, ya kuma rantse ba za a sake magana a kansa yana tsaye kamar turmi ba.

Ni Bilki, 'yar ƙanwarsa, ni na shiga uku, don ina koyarwa a firamare. Kafin in fita aiki ya aiko a karɓo masa kalmar yau. Kuma ba kowacce yake karɓa ba! Wata rana na ce, "Kawu, ga butterfly, wato malam-buɗe-littafi."

Ya harare ni. "Wane likita ne zai ce min malam-buɗe-littafi? Ba ni hanta. Ba ni ƙoda. Ba ni gobe da jibi."

Na saya masa ƙamus, ya auna nauyinsa a hannu ya ce, "Wannan na masu sauran shekaru ne." Ya mayar da shi abin danne huluna. Shi kwalayen magani yake tsinta a hanya, ya kakkaɓe, ya kawo in fassara masa. Ɗakinsa har warin kemis yake.

Abin bai tsaya nan ba. Lafiyarsa ƙalau zai saka babbar riga ya tafi asibiti, ya zauna a benci cikin marasa lafiya, ya kasa kunne. Sau uku ana kama shi ana auna masa jini ba da niyyarsa ba. Wata rana ya dawo ya ce, "Bilki, yau na samo biyu. Ɗayar ban gane ta ba, amma ana faɗa wata mata ta fashe da kuka. Ita za ki fara nemo min." Na nemo masa, na kuma yi da-na-sanin nemowa.

Shekara shida muna haka, sai ciwon ciki ya kwantar da shi. Ni na zauna jinya. Ranar Talata likita ya duba takardu, ya ga tsoho idonsa a rufe, sai ya juyo gare ni ya yi ƙasa da murya, ya koma Turanci. Ban ko gama haɗiye maganar ba na ji Kawu yana lissafi da yatsu.

"Nothing, babu. Home, gida. One week, mako guda." Ya buɗe ido. "Likita, na ci ko na faɗi?"

Likita ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ni kuwa kuka ya ƙwace min.

"Ke, rufa mana baki! Shekara shida ina shan tawada don wannan ranar. Miƙo min takalmina. Wannan karon babu mai aikena sayen fura."

A gida ya sa aka kira kowa, har Malam Habu, ya nemi gafara ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da hulunan mutane. Likita ya ce mako guda, Kawu ya yi kwana tara, don taurin kai. Ya cika da shahada a bakinsa, muna kewaye da shi, babu wanda ya fita ko ƙofar gida.

Har yau in na fito da safe sai na tsinci kaina ina zaɓar masa kalma, sannan in ga dakalin babu kowa. Ina kewarsa, wallahi. Allah ka jiƙan Kawu Isiyaku, ka gafarta masa, ka haɗa shi da Inna Asabe a Aljanna, ya samu ya faɗa mata abin da bai samu faɗa ba. Amin.