Tafiyarmu Jos da Yatsa Ɗaya Babu Lalle

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, amma a shekarar ba mai zancen amfanin gona a Gombe. Kowa kunnensa a waje yake. In tayar mota ta fashe a bakin kasuwa sai ka ga mata sun zubar da kaya sun ruga. Da magariba kowace uwa ƙirga 'ya'yanta take yi kafin ta rufe ƙofa. A irin wannan lokaci ne tafiya Jos ta kama ni da 'yata Hadiza.

Hadiza ita ce ta uku a ɗakina. Tana aiki a wani asibitin kuɗi, ita ke taimaka wa mai kula da kwamfutocinsu. Da abubuwa suka tsananta mutumin ya kwashe iyalinsa ya koma kudu, aikin ya dawo kanta. Masu asibitin suka ce sun yarda da hannunta, amma ba za su ba ta kujerar ba sai ta kawo satifiket na ƙwarewa kan haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. In wata ya ƙare ba ta kawo ba, za su ɗauko wani, ita kuma sai dai haƙuri. Wurin da ake yin jarrabawar a Gombe ya rufe tun bara, bayan ta riga ta yi rajista, sai aka mayar da ita Jos. Babanta ya ce ba za ta bi hanyar nan ita kaɗai ba, shi kuma hawan jini bai barinsa doguwar mota. Na ce to ni zan je.

Kafin tashi

Ana jibi za mu tafi aka yi ƙunshin bikin 'yar Goggo Dudu a unguwar Dawaki. Goggo yayar babanta ce, ba a yi mata musu. Hadiza ta ce tana da karatu, Goggo ta ce ba a taɓa ganin babbar ƙawar amarya da farin hannu kamar mai takaba ba. Aka zaunar da ita aka yi mata lalle mai gishiri, irin wanda ke yin baƙi wuluk, aka ɗaure hannayen cikin leda. Ita kuwa kwamfutarta na kan cinya. Kafin a ankara ta huda ledar ta zaro manuniyarta ta dama, ta goge ta a zani, ta ci gaba da jan karatunta da ita. Da aka kwance, yatsu tara baƙaƙe, ɗaya fari tas. Goggo ta yi ta faɗa, wai an ɓata mata lalle, 'yan biki kuma suka samu abin tsokana.

Gombe zuwa Alƙaleri

Mun fito daga unguwarmu Jekadafari bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Na riƙo dambun nama da soyayyar gyaɗa, ita ta rungume jakar kwamfuta. A tasha an caje mu kafin mu shiga, har ƙullin dambuna sai da aka kwance. Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya. Kusa da ni Maman Ngozi ce, wadda ke sayar da kwanuka a Kasuwar Gombe, na daɗe ina sayen kaya a wurinta. Za ta je ganin ɗanta da ta mayar makaranta Jos. Ta ce ita dai ba inda za ta, a Gombe ta haifi 'ya'yanta duka, in ta koma ƙauyensu ma baƙuwa ce.

Ba mu yi nisa da gari ba muka tarar da shingen farko. Dokar ita ce fasinja su sauka, su kashe waya, su wuce a ƙafa hannuwa sama, direba ya biyo a hankali. Haka muka jera, tsofaffi da yara. Wani soja ya tsayar da Hadiza saboda jakar, ya sa ta kunna kwamfutar. Ya ga zane-zanen layuka da akwatuna, fuskarsa ta canza, ya tambaya taswirar ina ce wannan. Ta yi masa bayani a natse cewa zanen wayoyin ofis ne na jarrabawa, ta nuna katin aikinta. Ya daɗe yana dubawa, sannan idonsa ya kai kan hannunta.

"Amarya, lallen ne ya ƙare ko kuɗin?"

Maman Ngozi ta ce, "Oga, wannan yatsan ma'aikacin gwamnati ne, ba ya zuwa biki."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Sai da muka koma mota na lura zanina ya jiƙe da gumi.

Bauchi

Na daina ƙirga shingaye bayan Alƙaleri. Tafiyar da a da ake yi kafin hantsi ya yi zafi, sai da azahar muka shiga Bauchi. Direba ya ce shi yanzu ƙafafun fasinjansa sun fi tayoyinsa cinye hanya. Muka yi salla, muka ci masa da miyar taushe a bakin tasha, mai daɗi ƙwarai, sai dai Hadiza biyu kawai ta iya ci. Ko a kan benci leɓɓanta motsi suke, na ɗauka addu'a take, ashe lambobi take bita. Maman Ngozi ta saya mata lemo ta ce ta sha, kai mai yunwa ba ya cin jarrabawa.

Jos

Mun isa la'asar sakaliya, ga sanyi da yayyafi. Muka rabu da Maman Ngozi a tasha, muka sauka wurin Asabe, 'yar yayata da ke aure can. Ta yi mana tuwon acca, ta ba ni rigar sanyin mijinta, na saka ban ji kunya ba.

Da safe muka tafi wurin jarrabawar, wani bene ne mai hawa biyu. Ban taɓa ganin jarrabawa irin wannan ba. Mu da muka yi yaƙi da jahilci, malama ce ke karanta tambaya, in fensirinka ya karye ta ara maka nata. Nan kuwa ba biro ba takarda. Aka karɓe mata waya da agogo da 'yan kunne aka kulle a akwati. Wata ma'aikaciya mai suna Madam Rifkatu ta shiga da ita gefe ta duba cikin hijabinta da bayan kunnuwa. Ni aka nuna min benci a waje, amma ƙofar ta gilashi ce, ina gani kuma ina ji.

Saura abu ɗaya, Hadiza ta ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura, don a tabbatar ita ce ta yi rajista ba wani ya zo ya yi mata ba. Ta ɗora, wuta ta kawo ja. Ta sake, ja. Aka gwada na hagu, ja. Madam Rifkatu ta juya hannun ta duba, ta girgiza kai. Ta ce lallen ya cinye zanen fatar, har ya fara saɓa. Ta goge da auduga da wani ruwa mai wari, aka sake, ba labari. Ta ce ba mugunta ba ce, amma in na'ura ba ta karɓa ba, ɗakin ba zai buɗe mata jarrabawa ba, kuma ba su da wata rana sai bayan wata biyu.

Wata biyu. Na tuna maganar masu asibiti, na tuna shingayen da muka keto. Hadiza ta manta sam da zancen yatsa, shekara guda ke nan da aka ɗauki zanen yatsunta wurin rajista. Na ga kafaɗunta sun sauka. Sauran masu jarrabawar, duk maza, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Can sai Hadiza ta miƙa manuniyar.

"Anti, wannan fa? Duka goman aka ɗauka a Gombe."

Madam Rifkatu ta ce na'urar babban yatsa take nema, ba ta da ikon canzawa sai manyansu na Legas sun yarda. Ta ɗauki waya. Kira na farko bai shiga ba, na biyu ya katse. Na uku ya shiga, ta yi ta bayani da Turanci, ban gane komai ba sai kalmar lalle da ta yi ta maimaitawa, da alama mutumin bai san shi ba. Ni dai ina ta Hasbunallahu a raina, hannuna cikin rigar mijin Asabe. Ta ajiye waya ta danna wasu abubuwa, ta ce a kawo farin. Hadiza ta ɗora. Wutar ta yi ɗan jim, sannan ta kawo kore.

Madam Rifkatu ta ce, "Shiga maza. Kuma ki gaida wadda ta yi miki rowar lalle."

Na zauna kusan awa biyu. Mai gadi ya kawo min ruwan zafi a kofi. Da Hadiza ta fito ban tambaye ta ba, fuskarta na duba, ban gane komai ba. Ashe a nan take kwamfutar ke yin maki. Aka miƙo mata takarda da ɗuminta, ta karanta, ta durƙusa a gabana ta kifa kai a cinyata. Ta ce, "Inna, na ci." Na ce Alhamdulillahi, tashi, mutane na kallo. Ni ma dai sai da na share ido da bakin mayafi.

Komawa

Washegari muka juyo. Shingayen suna nan yadda muka bar su, amma wannan karon ɗaga hannun bai dame ni ba. Takardar na naɗe a cikin leda na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zani, don Hadiza ta ce satifiket ɗin ainihi sai daga baya zai zo, wannan ce za ta kai asibiti. A Alƙaleri ta cinye ragowar dambun duka, ta yi barci a kafaɗata har Gombe. Mun shiga Jekadafari ana kiran magariba, babanta na tsaye a ƙofar gida da carbi. Sai da ya ga mun shige, sannan ya tambayi yadda aka yi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Asabe da mijinta, da Maman Ngozi, da baiwar Allahn nan da ba ta gaji da bugun waya ba.

Da safe, kafin ta tafi kai takardar, na kwaɓa lalle kaɗan a murfin kwano, ban sa gishiri ba. Na kira ta na ce ta miƙo hannu. Ta ce za ta makara. Na ce ba za ki makara ba, kuma ba za mu je gaida Goggo da yatsan nan haka ba. Ta zauna, na shafa wa manuniyar, na ɗaure ta da 'yar leda.