Idhurees Fulhu, Wanda Ya San Abin da Kifi Ke Gani

Shekara talatin da huɗu ya shafe a haka: da an idar da sallar asuba Idhurees Fulhu zai kurɓi baƙin shayi, ya ɗauki tabaraunsa na nutso, ya nufi bakin teku. Ba kamun kifi yake zuwa ba. Duwatsun murjanin da suka kewaye tsibirinmu, nan kudancin Maldives, yake shiga, ya ƙirga kifayen da ya gani, ya aika wa masu bincike a Male, babban birnin ƙasar. Sunansa bai taɓa fitowa a takardunsu ba.

A bakinsa muka ji cewa jan kifin nan mai dara-daran idanu, da ke maƙalewa a kogo da rana, don duhu aka yi idonsa, kuma ja ne launin da ruwa ke fara shanyewa, shi ya sa a can ƙasa ba mai ganinsa. Ƙananan da ke shawagi a kan murjani kuwa suna ganin wani haske da idon mutum bai kai gare shi ba, da shi suke gane fuskokin juna. Masunta kan tsokane shi.

"Kawu, yau wace kifanya ce ta kashe maka ido?"

"Wadda ta ƙi ƙugiyarka jiya. Ta ce in gaishe ka."

Dariya ta ƙare shekarar da wani kamfani ya zo yasar rairayi a tekunmu don cike filin otal. Ruwa ya koma kamar na wankin shinkafa. Cikin mako biyu Idhurees ya ga abin da ya tayar masa da hankali: ƙananan kifaye ba sa hango mai farautarsu sai ya iso kansu. Da su jiragenmu ke yaudarar kifin tuna, in sun ƙare sana'a ta ƙare.

Ya je zaman majalisar tsibiri da kwalba cike da ruwan. Ina wurin. Ya sa hannu a bayan kwalbar, ya ce injiniyan kamfanin ya faɗi yatsu nawa ya ɗaga. Injiniya ya yi murmushi, ya ce kifi zai saba. Shugaban majalisa, Nizar, ɗan ƙanwar Idhurees ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, don Allah ka zauna."

Bai zauna ba. Wata biyar yana nutso sau uku a rana, da farin faranti ɗaure a igiya, yana auna zurfin da yake ɓacewa. Matarsa Sakeena ta ce sau biyu ya dawo jini na bin kunnensa, ya toshe da auduga ya koma. Wannan awon ne ya sa hukuma ta hana yasar ɓangaren gabashin tsibirin. Na yamma kuwa ya riga ya mutu, laka ta binne shi. Jiragen tuna goma sha ɗaya muke da su a da, yau saura biyar. Watan jiya likita ya hana Idhurees nutso har abada: kunnen hagu ya tafi, na dama ma kaɗan ya rage.

Kawu Idhurees, idon tsibiri, kai ne ka yi magana ranar da mu duka muka yi shiru, har da ni mai wannan rubutu. Kai ne ka sa jiragen nan biyar ke samun ƙananan kifayen da suke fita da su. Ba mu ba ka komai ba, ko kujerar gaba a taro. Mun gode. Allah ya saka maka, ya yafe mana.

Jama'a, ya ce zai koya wa duk wanda ya zo nutso da awon ruwa, mace ko namiji, yana zaune a bakin ruwa kowace safiya. Zuwa yau mutum ɗaya ne ya je. Ku je, kada ku jira a roƙe ku, domin kamfanin ya sake shigar da takardar neman yasar gabas.