Fatun jar akuya da raɓar bakin teku

Har yau ina tuna Jumma'ar da na yi wa Alhaji Mamane gardama a gaban leburorinsa. Lokacin ni ne mai shirya masa takardun duwan, wato kwastan, da zaɓen hanyar da kaya za su bi. Wani mai masana'antar jaka a Turai ya aiko yana son fatun jar akuya. Odarsa ta farko ke nan, in ta ɓaci ba ta biyu, kuma mahautan Dakoro da Kornaka duk sun sa rai.

Alhaji ya ce a loda kamiyo, babbar motar kaya, zuwa bakin teku, a zuba a kwantena, jirgin ruwa ya ɗauka. Damina ta kankama kuwa.

Na ce, "Alhaji, fatunmu shanyar rana ce, ba gishiri. Za su yi fumfuna kafin su isa. A aika kashin farko ta jirgin sama."

Ya tuntsire da dariya. "Kai Issufu! Jirgin sama don fatar akuya? Ni kaina sau ɗaya na hau shi, zuwa Makka. Fata tana shekara a sito nan ba ta komai."

Gaskiyarsa, a nan. Mu da iskarmu ke busar da wanki kafin ka juya, ba mu san wurin da busasshen abu ke jiƙewa ba ruwa ba. Ni na taɓa kwana uku a tashar jiragen ruwa, takalmina ya yi kore da fumfuna.

Raina ya ɓaci, na ƙi sa hannu a takardun. Na roƙi kwana bakwai. Na ɗauki fata biyu, na naɗe a leda da jiƙaƙƙen buhu, na ajiye bayan randa.

Ranar da na kwance ledar, wari ya kori kowa. Gashin na zuba da kansa. Alhaji ya shafa fatar. Sai ya ce, "Kira Yamai, ka tambayi jirgin saman."

Kashin farko ya tashi sama ya isa lafiya. Sauran muka sa musu gishiri, suka bi teku bayan damina. Baturen yana saye har yanzu.

Ku masu tasowa, kafin ku tambayi araha, ku tambayi irin iskar da kayan za su kwana a ciki. Kuma ɗan kasuwarmu ba ya yarda da takarda, sai abin da hannunsa ya taɓa.