Kyandir a Rijiyar Bayan Makaranta

A unguwarmu ba mai kiransa da sunan yanka, Gwiwa ake ce masa. Haƙar rijiya ce sana'arsa, laƙabin kuwa daga wata ɗabi'a tasa ya samo asali: duk rijiyar da ya haƙa yakan kewayo ta lokaci-lokaci, ya ja guga, ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwan. Ya ce tafinsa ya yi kanta, ba ya gaya masa gaskiya. Rijiya talatin da ɗaya ya haƙa a garin, har da ta bayan makarantar da na koyar, kuma ya san sanyin kowacce.

Shi ya fara lura cewa ruwan rijiyoyin gabas, wajen wani tudu mai faɗin kai, ya soma ɗumi. Ya faɗa a bakin kasuwa, aka yi masa dariya. Bayan shekara biyu, da ƙofofi suka riƙa jijjiga da rana tsaka ba iska ba mota, sai ga wata masaniyar duwatsu daga jami'a. Ta tara jama'a ta ce tudun nan ragowar dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da lafawa, kuma ana so a san ko akwai sauran zafi a ƙarƙashinsa da zai cutar da gari. Ta nemi tsakar gida mai daɓen siminti, nesa da babban titi, don ta kafa na'urar auna motsin ƙasa. Gidan da ya dace shi ne na ƙanen Gwiwa, wanda tela ne.

Daga ranar telan ya zama abin gaisarwa. Masu wucewa sukan tsaya a ƙofar shagonsa su ce, "Tela, yaya dutse ya tashi?" Shi kuwa sai ya dakatar da keke, ya gyara tabarau, ya ce, "Lafiya lau, sai ɗan juyi da ya yi da hantsi." Gwiwa yana kan benci a tsallake, yana jin komai.

"Mutumin da bai taɓa shiga ramin da ya kai masa ƙugu ba," ya ce wa matarsa, "yau shi ne ke ba da labarin ƙarƙashin ƙasa."

"To Malam, ka je ka gaya wa matar abin da ka sani mana."

"Ta tambaye ni? Ta tambayi allura da zare."

Abin da ya sani ba ƙarami ba ne. Ƙa'idarsa ce ba ya shiga rijiya sai ya fara zura kyandir mai wuta a cikin gwangwani. Da aka kira shi yasar rijiyar bayan makaranta, kyandir ya mutu tun bai kai rabi ba, har sau uku. Ya rufe bakinta da kwanon rufi, ya danne da duwatsu, ya ce wa shugaban makaranta kada a taɓa, bai faɗi dalili ba. Ya ajiye dalilin ne don ranar da za a zo har gida a roƙe shi.

Wata safiya matarsa ta dawo daga kasuwa da labari: masaniyar tana son laka daga ƙasan rijiyoyin gabas, kuma tela ya ce shi da kansa zai shiga, ai ɗan gidan masu rijiya ne. Gwiwa ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya tambayi wace rijiya.

"Ta bayan makaranta."

Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya tarar an ɗage kwanon, tela da igiya a ƙugu, ƙafa ɗaya ta riga ta shiga.

"Fito da ƙafar nan!"

"Haba Yaya, har nan ma baƙin cikin ya biyo ni?"

"Yana nan daram, amma fito."

Ya kunna kyandir ya zura. Suna kallo wutar ta ƙanƙance, ta mutu. Masaniyar ta ja da baya daga bakin rijiyar. Ta ce iska ce mai nauyi da ke tsattsafowa daga zafin ƙasa, ba wari ba launi, tana taruwa a rami, kuma wanda ya shaƙe ta ba ya samun ko damar kiran taimako.

Ta juyo wurin Gwiwa. "Baba, tun yaushe ka san haka?"

"Wata uku."

Tela ya kwance igiyar daga ƙugunsa. "Wata uku, Yaya?" Ya ajiye igiyar a ƙasa.

Kwana uku masaniyar ta yi tana bin Gwiwa rijiya-rijiya, tana rubuta abin da gwiwarsa ta tuna. Aka toshe wasu rijiyoyi biyu. A ƙarshe ta shaida wa gari cewa ba ta ga alamar aman wuta nan kusa ba, haɗarin yana cikin ramuka, kuma kowa ya koyi dabarar kyandir.

Abin da Gwiwa ya so ya samu: yanzu ba a buɗe rijiya sai an aiko masa. Sai dai na'urar tana gidan tela har yau, an ma yi mata rumfa. Telan yakan gaishe da yayansa daga bakin shago, cikin ladabi, amma ya daina tsallako titi ya zauna a bencin. Gwiwa yana nan a gefe ɗaya na bencin, ya bar ɗaya gefen fili, yana kallon masu tsayawa a ƙofar shagon.